Ranar da Batir Ya Yi Wankan Jego a Gwaram

Tun ranar da aka bugo waya aka ce matar Yaya Haruna ta sauka lafiya, ban ƙara yin barcin kirki ba. Murna dai tana nan, don sun daɗe da aure Allah bai ba su haihuwa ba sai yanzu. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai sanyi ne. Tsakiyar ɗari ake, lokacin da mutum kan ɗebi ruwan alwala ya tsaya yana kallon butar. Yarona bai jima da tashi daga mura ba, in ya yi barci ƙirjinsa na ɗan kurnu, kuma ban taɓa wuce asibitin Birnin Kudu da shi ba. Ina kwance ina ta saƙa yadda iskar hanya za ta shige shi.

Tun da muka dawo kuma ƙawaye sun hana ni sakat. Wannan ta tare ni a wajen niƙa, waccan ta turo saƙo, wai da gaske ne na yi wa mota wanka a Gwaram? Na gaji da maimaitawa, shi ya sa zan faɗa sau ɗaya, daga farko har ƙarshe.

Yaya Haruna wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, yana zaune a Farin Dutse ta ƙasar Gwaram. Tun cikin matarsa na ƙarami ya aiko mini da ɗan rago nan Unguwar Ya, ya ce in kiwata masa, shi za a yanka ranar suna. Na riƙe ragon nan da dusa da harawa da ƙowar wake har ya zama abin kallo. To ka ga ba yadda za a yi in ce ba za ni ba. Ragon suna yana hannuna, kuma da safe ake raɗa suna.

Motar Rabi'u muka shiga, ƙanin maigidana. Bai daɗe da sayenta ba, ta hannu ce, mai dogon baya, irin wadda ba a sa mata giya da hannu. Yana ji da ita kamar amarya. An shirya mu tashi da hantsi ranar jajiberin suna, amma sai bayan azahar muka bar gida, kuma ba zan ɓoye ba, kayana ne suka tsayar da mu. Na ɗauki bargo, na ɗauki rigunan sanyi, da huluna, da safa, da man zafi, da basilin, da fulas. Rabi'u ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallo.

"Matar Yaya, suna za mu ko ƙaura za mu yi?"

Na ce, "Kai dai tuƙi aka ce ka yi. Ranar da ka haifi naka ma gani."

Aka kwantar da kujerar can baya aka ɗaure rago, Malam maigidana ya zauna gaba, ni da yaro muna tsakiya. Ba mu kai titi ba ragon ya miƙo wuya ya kama gefen mayafina yana tauna. Haka muka tafi, in ja ya ja.

A Babaldu muka tsaya sallar la'asar. Masu talla suka yanyame mu, rake, awara, dafaffen ƙwai, gyaɗa. Wata dattijuwa mai awara ta leƙo ta ga yadda na naɗe yaro, ta ce, "'Yar nan, mutum ne a ciki ko ƙullin kaya?" Ta ƙara mini awara biyu gyara don ta ga fuskarsa. Da za mu tashi, Rabi'u ya murɗa makulli, motar ta yi shiru. Ya fita ya ɗaga bonet, ya ɗauki ɗan dutse ya ƙwanƙwasa wani wuri ta gefen hagu, ya dawo ya murɗa, ta tashi. Malam yana can yana sallama da wani abokinsa bai gani ba. Ni na gani, har na hango wani farin abu kamar gishiri a inda ya buga. Na tambayi Rabi'u lafiya, ya ce gaisawa suke yi da motarsa.

Ni a tunanina iyakar Birnin Kudu da Gwaram wata ƙofa ce da za a buɗe mana. Ashe allo ne kawai a gefen hanya, har mun wuce Malam ya ce ai mun shigo. Gaba kaɗan akwai shinge, wani mai sanda ya leƙo ya ce ragon na waye, ina za a kai shi. Kafin Malam ya amsa ragon ya yi kuka a kunnen mutumin, ya ja da baya yana dariya, ya ce tunda mai shi ya yi bayani da kansa mu wuce, Allah ya raya.

Abin da ya ɓata mini rai gilashin gefena ne. Tun da na sauke shi a Babaldu ya ƙi hawa duka, ya bar kafa kamar faɗin tafin hannu. Rana na yin ƙasa iska ta fara shigowa kamar ana yanka mutum. Na toshe da zani, iska ta fizge. Muna shiga garin Gwaram ana kiran magariba, yaro ya yi atishawa. Shi ke nan hankalina ya tashi. Na ce da Malam don Allah mu kwana a nan gidan Goggo Dije, ƙanwar babansu, in ya so da asuba mu ƙarasa. Rabi'u ya ce saura ƙiris fa mu kai. Na ce gidan Yaya a cike yake da baƙi, wa ya san inda za a kwantar da mu, ƙila rumfa. Malam ya dubi yaron, ya dube ni, ya ce to. Ya kira Yaya Haruna ya shaida masa. Ina jin muryar Yaya ta waya yana cewa, "Ba komai, amma don Allah ku yi sammako, liman yana da wani sunan a ƙauyen gaba."

Goggo Dije doguwa ce, fara, jinin Fulani, ba ta dariya da wuri. Gidanta kuma ba a shiga, ko Malam da Rabi'u a zaure aka yi musu shimfiɗa don akwai matan 'ya'yanta. Mun tarar 'yarta Zainabu ta zo wankan gida, jaririnta bai yi arba'in ba. Aka kawo mana tuwon dawa miyar kuka da man shanu, aka zubo mini ƙauri daga tukunyar mai jego, yaji kamar ya cire harshe. A wajenmu mai jego kaɗai ke shan kunun kanwa, a gidan Goggo kuwa kowace mace sai an miƙa mata, ko kin yaye ko ba ki yaye ba. Wani abin da ya bambanta da namu, su ba sa son a ga uwa tana rawar jiki da ɗan fari. Mu ma muna kara, ba ma faɗin sunansa, amma su ko kallonsa ba a yi a gaban manya. Goggo ta ga ina ta taɓa goshin yaro ina gyara hula, ta ce, "Ke ba ki da ta ido? A gabana?" Na sunkuyar da kai, amma hannuna yana ƙarƙashin bargo yana laluben ƙafarsa.

Da asuba na riga kowa shiri. Sanyin garin nan ya fi namu, ko don duwatsu ne oho. Maza suka dawo daga masallaci, aka mai da rago mota, na yi sallama da Goggo, na shiga na zauna. Rabi'u ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Motar ta ce ƙat-ƙat-ƙat, ta yi shiru. Ya sake, haka. Ya fita da dutsensa ya ƙwanƙwasa, ya dawo, ko ƙat ɗin ma sai da ƙyar.

Da mun wuce jiya, da yanzu ragon yana ɗaure a ƙofar gidan Yaya. Ni na ce a kwana.

Kafin wani lokaci maƙwabta sun taru, kowa da bargo a kafaɗa. Wani ya ce mai ne ya ƙare, Rabi'u ya ce a Birnin Kudu ya sha mai. Wani ya ce fulogi ne. Wani dattijo ya ce ba wata magana, a tura. Rabi'u ya ce irin wannan ba ta tashi da turi. Dattijon ya ce shi tun kafin a haifi Rabi'u yake tura mota, bai taɓa ganin wadda ta ƙi ba. Haka suka tura mu, ni da yaro da rago a ciki, har bakin masallaci, suka juyo da mu har ƙofar gida. Motar ko tari ba ta yi ba. Dattijon yana haki ya ce, "To wannan ba mota ba ce." Malam ya fara tambaya ko za a sami mai babur, aka ce a wannan sanyin ba mai fitowa sai rana ta ɗaga, kuma ragon ya fi ƙarfin a rungume shi a babur.

Sai aka taso Malam Isa bakanike, gidansa na bayan na Goggo. Ya zo da hular sanyi har kunne, hannu cikin aljihu. Bai taɓa komai ba tukuna. Ya ce Rabi'u ya danna hon. Hon ya yi wata 'yar ƙara kamar ɗan akuya mai mura. Ya ce ya kunna fitila ya murɗa makulli. Ya tsaya a gaba yana kallo, fitilar ta yi ja ta dushe.

Ya ce, "Ba mai ba ne, ba fulogi ba ne. Wuta ce ba ta isa. Jiya ta yi muku haka?"

Rabi'u ya ce, "Ko kaɗan, lafiya lau muka zo."

Na leƙo ta kafar gilashin nan na ce da Malam a hankali, "A Babaldu fa sai da ya buga mata dutse." Ashe Malam Isa ya ji. Ya dubi Rabi'u, Rabi'u ya dubi sama. Mutane suka kwashe da dariya. Rabi'u ya ce, "Matar Yaya, a gaban jama'a?" Na ce, "Gaisawa ka ce kuna yi, ai ba abin ɓoyo ba ne."

Malam Isa ya ɗaga bonet ya haska da waya. Ya kira maigidana ya nuna masa kan batir, duk ya yi fari da kore kamar abin da ya kwana a danshi, maɗaurin wayar ma yana juyawa da hannu. Ya ce batirin ya ɗan kwana biyu amma bai mutu ba. Da rana, jikinsa da ɗumi, yana iya tura wuta ta cikin dattin nan. Da sanyi kuwa ƙarfinsa raguwa yake yi, ga baƙin man inji ya yi kauri yana neman ƙarfi fiye da kullum, ga datti ya tare hanya. Ya ce da akwai wata mota kusa da an ja wuta, to babu. Abin da yake so ruwan zafi ne da 'yar kanwa, yanzu yanzu.

A duk layin nan wuri ɗaya ne ke da tafasasshen ruwa a wannan lokacin: tukunyar wankan Zainabu. Na sauko na shiga gida. Goggo tana tsaye a kan tukunyar da ganyen darbejiya a hannu, ruwa na ta tafarfasa. Na durƙusa na faɗa mata.

Ta ce, "Ruwan jegon? A ba mota? A gidan nan ba a taɓa ruwan mai jego sai ta yi wanka. Ku jira a ɗora wani."

Na ce, "Goggo, kafin wani ya tafasa liman ya tafi."

Ta ce, "Ni na ce ku kwana?"

Hawaye suka cika mini ido. Sai ga muryar Zainabu daga ɗaki: "Inna, don Allah ki ba su. Su ɗebi rabi ma. Su ɗebe duka in suna so." Matan gidan suka fashe da dariya, don kowa ya san yadda Zainabu ke kuka kullum in za a watsa mata ruwan nan. Goggo ta ce, "Ja'ira, ko rabi aka ɗeba sai kin yi wanka." Amma na ga gefen bakinta ya motsa. Ta ce ruwan dai ba zai fita ƙofar gida a tukunya ba, in suna so su shigo da abin nasu.

To ga maza ba sa shiga. Malam Isa ya kwance batir, ya ce baƙar waya ake fara cirewa, ya ajiye shi a bakin zaure. Ni da wata matar gidan muka kama, nauyi kamar dutsen niƙa, muka kai tsakar gida. Yana daga zaure yana ba da umarni da ƙarfi, mu muna ciki muna yi.

"Kada ku karkata shi. Kada ya kusanci wuta, ɗumi kawai nake so. Ku samo roba ku surka ruwa yadda za a iya sa hannu, ku zaunar da shi a ciki, ruwan ya tsaya a ƙugunsa."

Robar da ke kusa ta wankan jariri ce. Goggo ta ce in an gama ba za a ƙara sa jikanta a ciki ba, sai Rabi'u ya sayo sabuwa. Daga zaure Rabi'u ya ce ya ji ya yarda. Muka zaunar da batir a ruwa. Yaro yana bayana, Malam Isa ya ce mai goyo kada ta sunkuya a kai, abin yana cin fata. Kafin in yi magana Goggo ta kwance shi daga bayana ta wuce da shi ɗakin Zainabu. Tun da na haife shi ban taɓa barinsa a hannun da ban saba da shi ba, amma hannuna biyu duk suna aiki.

"A jiƙa kanwa a ruwan zafi. A zuba kaɗan kaɗan a kan ƙarfen nan biyu da ke sama. Kada ya shiga ramukan da ke da murfi. Ki kula da idonki."

Na zuba da ludayi. Farin abin nan ya yi kumfa ya ce shuu, ya narke yana gangarowa. Matan gida suka matso suna kallo. Wata ta ce, "Ikon Allah, shi ma kanwa yake sha." Wata ta ce a kawo ganyen darbejiya a yi masa sosai. Na goge da tsohon buroshi, na ɗauraye, na tsane da tsumma, ƙarfen ya fito fes yana ƙyalli. Na zuba sauran ruwan kanwar a buta na miƙa zaure, Malam Isa ya wanke maɗauran wayar da ke jikin mota ya kankare su. Ya ce a bar batirin ya ɗan sha ɗumi.

Wannan jiran shi ya fi komai tsawo. Gari ya waye tangaran. Wayar Malam ta yi ƙara, na ji yana cewa, "Muna hanya in sha Allahu," alhali batirinmu yana zaune a robar wanka. Na wanke hannu da sabulu na leƙa ɗaki. Na tarar Goggo ta tuɓe wa yaro duk rigunan da na jibga masa, ta bar guda ɗaya da hula, yana kan cinyarta yana wasa da carbinta yana ɓangala dariya. Ta ɗaga rigar ciki ta nuna mini, sharkaf da gumi.

Ta ce, "Kin gani? Ki dafa shi a cikin kaya, ya jiƙe, iska ta buge shi, ki ce sanyi ne. Riga biyu da bargo sun ishe shi." Wai ita ce mai cewa ba a kallon ɗan fari, ga ta tana sumbatar tafin ƙafarsa.

Muka fito da batir muka goge gindinsa. Malam Isa ya mayar da shi, ya ɗaure da sifana tamau, ya girgiza bai motsa ba. Ya ce ina ma da ɗan giris a shafa kada dattin ya dawo. Na ce basilin zai yi? Ya ce shi ne ma daidai. Na ciro na yaro daga jaka. Rabi'u ya ce, "Ashe ƙaurar tana da rana." Ya shiga ya zauna, ya yi bisimilla a fili. Ya murɗa. Motar ta yi gurnani a hankali kamar mai miƙa, ta sake, sai ta kama. Hayaƙi ya fito ta baya, rago ya firgita ya yi kuka, daga cikin gida na ji matan sun rangaɗa guɗa. Malam Isa ya ce kada a kashe ta sai mun isa, kuma a nemi sabon batir kafin sanyin baɗi. Dattijon ya ce ai turin da suka yi ne ya sassauta ta.

Ban san yadda muka isa Farin Dutse ba, ina ta addu'a. Mun tarar ƙofar gida cike da mutane a kan tabarmi, liman ya riga ya sa takalmi ɗaya. Ashe Yaya Haruna tun ɗazu yake riƙe shi da dabara, a kawo koko, a kawo ƙosai, a ƙara shayi, har liman ya ce shi fa cikinsa ya cika. Aka sauko da rago, mutane suka yi ta sa albarka, wani ya ce wannan kiwon mace ne. Yaya ya dube ni daga nesa ya ɗaga hannu, idonsa ya yi ja. Ina shiga gida na ji maroƙi ya ɗaga murya. Sunan mahaifiyarmu aka sa wa jaririyar, don haka ita ma ba zan iya faɗin sunanta ba, Ummi muke ce mata. Da aka miƙo mini ita na ga hancin Yaya sak, na yi ta kuka ina dariya.

Mun kwana biyu muka juyo. Mun biya ta Gwaram, Rabi'u ya sauke sabuwar roba shuɗiya, Zainabu ta ce mini ranar ta yi wanka mafi daɗi tun da ta haihu. Yaro kuwa ko tari bai yi ba har muka dawo gida.

Abin da ya faru ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Roƙona gare ku biyu ne. Na farko, in matafiyi ya yi muku sallama da sanyin safiya yana neman ruwan zafi, ku taimaka ku ba shi, ko da na wanka ne, ba ku san abin da ke jiransa a gaba ba. Na biyu, don girman Allah ku daina ce mini ungozomar batir a gaban surukata.